Wasan da Muka Hana Laraba

Wata Asabar ce a daminar 1988, bayan azahar. Ruwa ya ɗauke ke nan aka kawo wuta, ihun yara ya tashi gida-gida a layinmu na Kurmin Mashi, cikin garin Kaduna. Muka watsar da wanke-wanke muka ruga ɗakin Baba Yakubu, don shi kaɗai ke da bidiyo a layin. Muka jeru a kan leda, ƙafafu duk taɓo, matarsa tana faɗa tana miƙo mana tsumma. Kaset ɗin ranar na wani ɗan leƙen asiri ne, Bature dogo mai baƙar kwat, wanda harsashi ba ya samu. Matan cikin fim ɗin ba su da aiki sai ado da kururuwa. Ya mari ɗaya, jim kaɗan ga ta tana rungume da shi. Baƙin mutum ɗaya ne tak, mai ɗaukar masa kaya. Da aka harba bindiga sai ya zazzaro ido, ya watsar da akwatuna, ya faɗa ruwa. Muka yi ta dariya har da birgima, muna roƙon a maido wurin.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna takwas da famfo ɗaya. Mahaifina tela ne a kasuwa. Baba Yakubu, maƙwabcin ɗakinmu, Kirista ne daga kudancin Kaduna, masinja a wani ofishin gwamnati, dattijo mai guge wando har ya yi kaifi. 'Yarsa Laraba ita ce ƙawata. Tare muke bin layin famfo da safe, tare muke cire ciyawa a 'yar gonar masarar da ke bayan gida, tare muke tafiya firamare muna raba ƙosai ɗaya. Da Sallah takan ci waina a ɗakinmu har ta kasa tashi, da Kirsimeti ni ce mai kai shinkafarsu ɗaki-ɗaki. Ta girme ni da shekara guda, ta fi kowa Turanci a ajinmu, don haka ita ke fassara mana abin da ake faɗa a fim. Baƙa ce wuluk, mai fararen haƙora. Ni kuma na ɗauko hasken mahaifiyata, har mata a gidan suna kirana 'yar Balarabiya, ina jin daɗi.

Duk fim ɗin da muka kalla sai mun maimaita shi a bayan gida. Yayana Sani ne mai raba matsayi, kuma kullum shi ne ɗan leƙen asirin. Bindigoginmu na karan masara ne, oba-obarmu kwalin ashana. Ni ake ɗaurewa a jikin bishiyar gwaba da ɗankwali, in yi ta ihu har Yaya Sani ya zo ya cece ni. Laraba kuwa baiwar mugu ce, ita ake fara harbewa, ta kwanta cikin kunya ta jira a gama. Amma fa ita ke tsara wasan gaba ɗaya. Ita ke zana taswira da gawayi a bangon bayi, ita ta ƙirƙiro mana wani rubutun sirri da lambobi wanda har malaminmu ya kama takardar ya kasa karantawa.

Wata rana bayan an tashi makaranta ta tsaya a gaban Yaya Sani, riƙe da bindigar kara da ta yi wa kanta, ta ce yau ita ce ɗan leƙen asiri. Ya kwashe da dariya. "Ke Laraba, kin taɓa ganin mace ta yi? Mace ai cetonta ake yi." Ta ce to shi ke nan, a ɗaure ta a gwaba yau ɗaya, ita ma a cece ta. Ba wanda ya tambaye ni. Ni da bakina na ce, "Ai ba a ceton baƙa. Ba ki ga yadda suke a fim ba?" Yara suka fashe da dariya. Laraba ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, ta jingine bindigarta a jikin bango, ta shige gida.

Ba ta sake fitowa wasa ba, ni kuma girman kai ya hana ni zuwa. Bayan kamar wata biyu, da safe muna shirin makaranta, muka ji salatin mahaifiyata haɗe da kukan Maman Laraba. Ashe Laraba ta daɗe tana shafa wani man bilicin da ta samo wurin wata mai kitso, tana haɗa shi da sabulu mai ƙarfi, a ɓoye. Kumatunta biyu sun saɓule, sun yi jajir kamar an zuba mata ruwan zafi. Shekarunta goma sha biyu. Na leƙa ta labule na gan ta zaune bakin gado, mahaifiyata tana shafa mata man kaɗanya, tana cewa, "Haba 'yata, wa ya ce miki akwai abin gyara a jikinki?" Laraba ba ta faɗi sunana ba, ranar ko bayanta.

Da yammacin ranar Baba Yakubu ya cire wayoyin bidiyon ya mayar da shi kwalinsa. Mahaifina ya fito yana ba shi baki, ni ina tsugune kusa ina tsince shinkafa. Na ji ya ce, "Malam, shekara tara na yi ina boyi a gidan Bature tun ina saurayi, bai taɓa kiran sunana ba, tafa hannu yake in yana nemana. Na bar wannan aikin, sai ga shi na sayo Baturen a kaset na kawo cikin ɗakina, ina zaune 'ya'yanmu suna dariya." Ban fahimci maganar ba a lokacin. Abin da na fahimta shi ne ba sauran kallo. Yaran layi suka ɗora laifin a kan Laraba, suka laƙaba mata sunan da ba zan rubuta ba. A makaranta ta koma bencin baya, tana jan ɗankwali ta rufe kumatu, hannunta ya daina tashi in an yi tambaya. Ina ji ana tsokanarta, in sunkuyar da kai in wuce.

A farkon shekarun casa'in su Laraba suka tashi zuwa ƙetaren kogin Kaduna, kamar yadda maƙwabtanmu Kirista da dama suka yi. Ranar da ake loda kayansu a akori-kura na tsaya a ƙofar gida, maganar neman gafara tana bakina. Ita ce ta matso ta ce, "Binta, sai wata rana." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakarta ke nan. Bayan shekaru da yawa na haɗu da mahaifiyarta a asibiti, ta tsufa, ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce Laraba ta zama malamar lissafi, ta koyar shekara shida, ta rasu bayan gajeriyar jinya. Na tambaya ko tabon ya tafi. Ta girgiza kai.

Yanzu 'ya'yana mata uku ne, kuma ta tsakiyar ta fi Laraba baƙi. Kwanan baya suka ci karo da irin tsofaffin finafinan nan a talabijin, ba su yi minti ashirin ba ta tsakiyar ta ce, "Mama, wannan ai wulaƙanci ne, ku haka kuke kallo?" Suka canza tasha suna tsaki, suka ci gaba da hirarsu. Su sun san sunan abin, suna ganinsa suke gane shi. Mu ba mu sani ba, mun ɗauka haka duniya take, muka kwashe shi ɗungum muka juye a kan yarinyar da ta fi mu komai. Na zauna ina kallonsu. Na so a ce Laraba ta ji wannan tsakin.