Dayod ɗin motar Kawu

Ko na tsufa na ruɗe, ba na jin zan manta da daminar da Kawuna ya nemi koya mini sana'ata. A shekarun tamanin ne, ina aikin rewaya a Malumfashi, shi kuma yana da babbar mota mai batir biyu da ke kai taki ƙauyuka.

Regiletar motar, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ta riƙa ƙonewa. Da na bincika, ashe direbansa ne ke cire kan batir injin na aiki, don ya tayar wa abokansa da motocinsu. Da zarar an cire, sai wuta ta yi tsalle ta cinye regileta. Na ce wa Kawu a tsawata wa direba, sannan a saka dayod mai shanye irin wannan tsallen, amma dole ya dace da ƙarfin wutar motar. Ƙarami zai ƙone, wanda ya wuce kima kuma wuta za ta yi ɓarna yana kallo. Na roƙa ya bari in je Kano in zaɓo.

Ya ƙi. Ya tafi Funtua da kansa, shagon wani Inyamuri haifaffen garin, ya sayo na ƙaramar mota, duk da mai shagon ya gargaɗe shi. Ina sakawa, aka tayar, sai hayaƙi. Washegari ya dawo da wanda ya fi kowane girma a shagon. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe.

"Yaro, babba ai babba ne. Saka kawai."

Na saka ina cizon yatsa. Mota ta tashi lafiya, Kawu ya yi ta ba da labarin yadda ya koya mini aiki a tasha.

Ba a jima ba, a hanyar Gozaki, direba ya sake taimakon wani mai tarakta. Regileta ta tafi, mota ta mutu ɗauke da takin manoma, ga hadari ya haɗo, tamfol ɗin kuma duk huji. Kafin in isa a babur, ruwa ya sauko, taki ya narke yana bin kwata.

Kawu yana tsaye a jiƙe, ya dube ni ya ce, "To kai da ka sani, me ya hana ka nace?"

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tun daga ranar, abin da na san bai dace ba, ba na ɗaura shi da hannuna, ko wa ya saya.