Tsugunon da Ya Raba Ni da Aikin Kwana-Kwana

Edita, ina gaisuwa. Lokacin da abin nan ya same ni shekarata ashirin da bakwai, ina sana'ar walda a Fadaman Mada, kuma ji nake duk unguwar babu ƙato kamata. Tun ina sakandare burina ɗaya ne, in shiga aikin kashe gobara. Sau biyu na nema ban samu ba. A karo na uku sunana ya fito, aka ce mu zo tantancewa nan da wata biyu, za a gwada gudu da ƙarfin jiki. Shi ya sa na fara zuwa wani wurin ɗaga ƙarfe a bayan layinmu, rumfar kwano ce kawai da benci uku.

Mai wurin kowa koci yake ce masa, har yau ban san wanda ya naɗa shi ba. Faɗin ƙirji da tsawa su ne duk iliminsa. Ya ce in ina son ƙafafu masu ƙarfi sai na rungumi tsuguno, wato ka ɗora sandar ƙarfe a kafaɗa da faya-fayan ƙarfe masu nauyi dama da hagu, ka tsuguna ka miƙe. Bai taɓa nuna mini yadda ake tsayuwa ba, balle yadda ake riƙe numfashi. Abin da ya iya kawai shi ne a ƙara faifai. Kullum waya na hannunsa yana ɗaukar mu bidiyo yana sakawa a intanet don ya jawo mutane, mu kuwa sakarkaru muna ta washe baki.

Akwai wani dattijo ɗan kudancin jihar nan, tsohon malamin wasanni, da yake zuwa ya ɗaga ɗan abin da ya sauƙaƙa. Baba muke ce masa. Wata rana ya ja ni gefe, ya kira ni ɗansa, ya ce dunduniyata tana tashi daga ƙasa, gwiwoyina suna faɗawa ciki, kuma in na kai ƙasa bayana yana lanƙwashewa. Ya ce in cire faya-fayan duka in koyi tsugunon da sanda zalla na mako biyu. Da na gaya wa koci sai ya tuntsire da dariya, ya ce jinin tsoho ne ya yi sanyi. Ni kuma, abin da har gobe nake jin kunyarsa, na koma gaban jama'a na ce wa Baba ya je gida ya yi wasa da jikokinsa. Sai ya ce Allah ya kiyaye.

Saura kwana tara tantancewa, da safiyar Asabar, koci ya sa aka ɗora mini nauyin da ban taɓa ko kusantarsa ba. Na ce anya kuwa, ya ce in bar tsoro, yana bayana zai tare. Na sauka lafiya. Wajen miƙewa sai dunduniyata ta tashi, nauyin ya rinjaya gaba, na ji wani abu ya ba da sauti a kwankwasona kamar igiya ta tsinke, wuta ta bi ƙafata ta hagu har yatsu. Mutumin da ya ce yana bayana ashe ya koma gefe don hoton ya fita da kyau. Sandar ta bi ta kan wuyana ta faɗi gaba, Allah ne kawai ya yi da sauran kwanana. Ina kwance a ƙasa ya ce tsoka ce ta riƙe, in shafa man zafi in dawo Litinin.

Ranar Litinin ko wando na kasa sawa. A asibiti likita ya ce wani guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan bayana ne ya zame ya danne jijiya. Wata uku na yi a kan tabarma, sallah ma a kwance. Ranar tantancewar ina kallon rufin ɗaki. Koci bai taɓa leƙo ni ba, amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Wani abokina ya nuna mini bidiyon faɗuwata, ashe koci ya saka shi a intanet da kiɗan barkwanci, ya rubuta wai haka ƙarshen wanda ba ya jin maganar kocinsa yake. Ni da na ji maganarsa har na zagi sa'an ubana! Wallahi da ƙafata tana ɗaukata a ranar, da yanzu daga gidan yari nake rubuto muku.

Baba kuwa ya zo da lemo a leda. Na fara ba shi haƙuri ya ce in bari. Da likita ya yarda in fara motsa jiki, shi ya riƙa zuwa tsakar gidanmu yana koya mini da sandar mofa ta goge ɗaki: ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, a cika ciki da iska a ɗaure, a tura ƙugu baya, gwiwa ta bi yatsun ƙafa, dunduniya ta manne da ƙasa. Abin da mako biyu zai koya mini, sai da na shekara ina koyonsa da ciwo. Kafin a sake ɗaukar aiki shekaruna sun haura ƙa'ida.

Ban yafe wa kocin nan ba, ba zan yi muku ƙarya ba, kuma har yanzu rumfarsa cike take. Amma rabin fushin nawa da kaina nake yi, domin an faɗa mini gaskiya kyauta na taka ta saboda girman kai. Samari masu ɗaga ƙarfe, ku koyi tsuguno da sanda zalla kafin ku ɗora komai, kuma duk wanda ba zai iya gaya muku dalilin abu ba kada ku ba shi amanar bayanku. Masu yi maka ihu da tafi in kana ɗaga ƙarfe, ranar da ka kwanta babu ɗayansu da zai zo ya riƙe ka zuwa banɗaki. Ni mahaifina ne ya yi, tsoho mai fama da nasa ciwon ƙafar, yana yi yana kau da kai don kada in ga hawayensa.