Launin Jirgin Idi

Ina shan koko da safen nan Rabi ta kira ni a waya, ta ce babanta Idi Kafinta ya rasu bayan asuba. Na ce wane Idi? Alhali Idi ɗaya gare ni a Dakoro, sama da shekara saba'in muna tare.

Har yanzu kaina bai dawo daidai ba.

Zamanin Faransa aka sa mu lakwal, wato makarantar boko, rana ɗaya. Ranar da na ɓarar da tawadar malaminmu da muke ce wa mushe, Idi ya ce shi ne, ya sha bulalata. Sandar da nake dogarawa ma shi ya fere mini.

Yana cikin innarsa Nasara suka ɗauki babansa soja a babban yaƙi, bai dawo ba. Abin da ya iso gida hoto ɗaya ne, baƙi da fari, yana tsaye gaban jirgin yaƙi mai farfela a hanci.

Idi ya haɗa jirgin da kara, gara ta cinye. Ya sake sassaƙa shi da iccen aduwa, kamu ɗaya tsawonsa, har ƙusoshin fiffike ya ɗiga da allura. Saura fenti, kuma hoto bai nuna launi ba. Ya bi tsofaffin sojan da suka dawo: wannan ya ce kore, wancan ya ce ruwan toka, wani ya ce shi da ya ji ƙara kwantawa yake, bai taɓa ɗaga kai ba.

Ya shafa, ya kankare, ya sake shafawa, har muka tsufa. Ni kuwa aikina tsokana.

Makon jiya na leƙa shagonsa, ya miƙo mini jirgin a kankare tas, da buroshi.

"Hannuna rawa yake, Sani. Kai za ka shafa."

"Wane launi?"

"Wanda inna ta hwaɗi. Mai kawo hoton ya gaya mata, ni na raina na bi sojoji. Ai kana wurin, kana cin gyaɗa."

Kunya ta sa na ce to. Na yi niyya in na koma in bugi cikinsa a hankali.

Gyaɗar na tuna. Tabarmar da muke kai na tuna. Launin ya ɓace mini ƙaf. Rabi ba ta taɓa ji ba, kuma ta ce in na gama tana so ta ajiye shi kusa da hoton. Ban san me zan ce mata ba. In shafa kowane in yi shiru? Wa zai gane? Amma Idi bai taɓa yi mini haka ba.

Jirgin ga shi gabana, icce tsirara.

Allah ya jiƙanka Idi, ya yafe maka, ya haɗa ka da baban da ba ka sani ba sai a hoto. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini Allah ya tuna mini abin da inna ta faɗa.