Jirgin Yayana Mai Sunan Gunki

Shekarun baya, wata Juma'a da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, na buɗe baki a tsakar gidanmu a Birnin Gwari, ni da ba a cika jin muryata ba, na kusa raba yayana da aikinsa.

Yayana sojan ruwa ne. Mu da babban ruwanmu shi ne rafi idan damina ta nutsa, sai ga namu an tura shi kwas ƙasar waje, an sa shi a jirgin yaƙi. Ranar ya turo hotonsa cikin fararen kaya, sunan jirgin a goshin hularsa. Gida ya kaure da guɗa. Kowa fuskarsa yake kallo, ni kuwa hular. Na taɓa ganin sunan nan a wani tsohon littafi a makaranta. Na ruga ɗaki na bincika a waya, na sake bincikawa don kar in yi kuskure, na fito cike da murna.

"Inna! Kin san sunan wa aka sa wa jirgin Yaya? Neptune! Shi Rumawan zamanin da suke bauta wa, wai shi ke mulkin teku. Akwai ma jiragen da ke da sunan sauran abubuwan bautarsu, mai tsawa, da mai yaƙi, har da wata mace mai farauta!"

Mahaifiyata ta ajiye faifan hannunta. "Bauta? Gunki ke nan?"

"E, amma ai tarihi ne..."

"Kira min shi."

Sai da muka hau tudun bayan gida kafin layi ya shiga. Ta ce, "Ka tattara ka dawo. Ban haifi ɗan da zai kwana cikin gunki ba."

Yaya ya yi dariya. "Haba Inna, ƙarfe ne fa. Ni ma nake wanke shi kullum da safe."

"Innalillahi! Har wanka kake masa?"

Layi ya katse.

Yaya bai taɓa tsallake maganar Inna ba. Washegari ya aiko cewa in ba ta sauko ba, zai ajiye aikin da ya sha wuyar nema. Ni kuma na shiga gyara. Don in nuna mata tatsuniya ce kawai, na bayyana mata gemun Neptune da mashinsa mai baki uku. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Ran kasuwa kakata, wadda ta haifi Inna, ta iso daga Gayam. Ta saurara tsaf, sannan ta ce da ni, "Ke malama mai tone-tone, kira min maigidana." Haka take tsokanar Yaya. Muka sake hawa tudun, ina riƙe da hannunta, Inna na biye.

"Kana salla a can?"

"Ina yi, Kaka. A samansa nake shimfiɗa darduma."

"Da takalmi kuke taka shi?"

"Da manyan takalma ma."

"Shi ke zaɓar inda zai je?"

"A'a, juya shi ake yi."

Ta miƙo min wayar, ta juya ta faɗa wa Inna maganar da ta sa ta rufe baki da mayafi tana dariya har da hawaye. A nan tudun aka janye umarnin.

Yaya yana nan a aikinsa har yau. Ni ma ban daina karanta labarin jiragen nan ba, kuma duk sunan da na gano asalinsa sai zuciyata ta buga kamar ranar farko. Sai dai yanzu ina duba fuskar mai saurarona kafin in kai ga gemu da mashi. Na karanta bayanai masu yawa a kan dalilin sa wa jirage irin waɗannan sunaye, amma babu wanda ya zauna min kamar na Kaka:

"Ke, abin da ake takawa da takalmi, a juya shi inda aka ga dama, ɗanki ya hau bayansa ya kira sunan Allah, wannan ai ba abin bauta ba ne. Jaki ne. Ki bar min maigidana ya yi aikinsa."