Tsarabar da Ta Kusa Raba Mu da Muryar Malam

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, aka zauna rabon kayansa a gidanmu da ke Kwandiko. Aka kasa littattafai, aka auna gona, ni kuma na roƙi a bar min wani tsohon kwali da ba wanda ya ko kalla. Kaset-kaset ne a ciki, na tafsirin da ya yi shekara da shekaru yana yi a masallacin unguwarmu duk azumi bayan la'asar. Malam, kamar yadda kowa ke kiransa har mu 'ya'yansa, ba fitaccen mai wa'azi ba ne irin wanda ake sa wa a rediyo. Murya ce dai da shi mai sanyi, yana fassara yana tsokanar dattawan da ke gyangyaɗi a sahun gaba.

Kaset ɗin sun tsufa sosai, wasu ma zaren ya manne. Na kai su Birnin Kudu wajen wani mai shago, ya lallaɓa ya juye min abin da ya juyu a cikin laftof ɗina. Dukkansu daga wannan juyin ba su ƙara moruwa ba, rikoda na gama karanta su zaren ke tsinkewa. Saboda haka muryar Malam kaf ta koma cikin na'ura guda, wadda nake ratayawa kullum zuwa makarantar da nake koyarwa a Gwaram.

Mahaifiyata abu ɗaya ta roƙe ni. Ta ce, "Ka sa min a ɗan abin nan da ake cusa wa rediyo, in riƙa ji da azumi a lokacin da ya saba yi." Na ce an gama. To amma ni mutum ne mai son a ce ya iya. Sai na ƙudurta ba wanda zan ba wa sai na jera su sura-sura, na rage ƙarar iska da kukan awakin da suka shiga ciki. Ina wannan ƙawa har watan Sha'aban ya kama.

Wanda bai zauna ƙauye ba sai na yi masa bayanin wata al'ada tamu. A lokacin, in kana neman sabis a garinmu, sai ka je bayan filin ƙwallo ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, ga data da tsada. Don haka duk wanda ya shiga birni, shi ke sauke wa jama'a abin da ake buƙata, karatu ne, hoto ne, manhaja ce, ya dawo ya rarraba. "Tura min" ta zama kamar gaisuwa a majalisa. Abin da mutum ya sauke da datarsa ya kawo maka tsaraba ne, kuma a wajenmu ba a mayar wa mutum tsarabarsa.

A wannan fanni ba wanda ya kai abokina. Tare muka taso, shi ya kama sayen riɗi a ƙauyuka yana kaiwa Birnin Kudu, kuma bai taɓa dawowa hannu rabbana ba. Wata rana da yamma ya faka babur a ƙofar gida, ya shiga ya kai wa mahaifiyata burodi da lemo, ya fito zaure inda nake fama da aikina, ya zaro filashi daga aljihu yana murmushi.

Ya ce, "Ɗan Malam, yau taka tsarabar ta fi ta kowa nauyi. Ina duba farashin riɗi a intanet sai ga wani allo ya faɗo min, wai burauzata ta tsufa, in ban sabunta ta yanzu-yanzu ba ɓarayi za su shigo min. Har da tambarinta, har da jan rubutu. Na danna na sauke. Ka san datar da abin nan ya ci? Na ce wallahi ba zan bari kai ma ka ƙona taka ba."

Burauza dai ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, kuma irin tasa ce a tawa na'urar. Gaskiya na ɗan ji wani abu a raina, don sunan fayil ɗin wani iri ne, haruffa a cakuɗe. Na ce, "Ka sa a taka?"

"Tun da safe. Lafiya lau, ko tari ba ta yi ba."

Ya zauna ya zuba min ido irin na wanda ya kawo maka abinci yana jiran ka ɗanɗana. Na cusa filashin na danna. Na'urar ba ta yi min rowar gargaɗi ba, ta fito da tambaya ko na yarda da wannan abu ya yi canje-canje a cikinta, tun da ba ta san inda ya fito ba. Ni kuwa na san inda ya fito, ga shi nan zaune a tabarmata yana ɓare lemo. Na danna eh. Wani ɗan allo ya gifta ya ɓace, shi ke nan. Muka ci gaba da hira, har ina yi masa godiya.

Washegari a makaranta na haɗa laftof ɗin da intanet lokacin tara. Sai na ji tana huci, ta yi zafi, komai na taɓa sai ya daɗe bai buɗe ba. Na yi maza na shiga inda na ajiye tafsirin. Fayilolin suna nan a jere, amma duk sun canza suna, ba wanda ke buɗuwa. Ga wani rubutu ya baje a fuskar allon, wai an kulle min komai, in ina so a buɗe sai na biya. Na danna na farko, na danna na ƙarshe, na koma na farko kamar zai ji tausayina. Ina cikin haka waya ta yi ƙara, abokina ne. Tasa ma ta kulle.

Ranar ban koma aji ba. Muka hau babur ɗinsa sai Birnin Kudu, wajen wani mai gyaran kwamfuta da aka yi mana kwatance. Mutumin ya saurare mu har ƙarshe bai katse mu ba, sannan ya kashe intanet ɗin na'urorin biyu kafin ya taɓa komai. Ya ce ba mu ne na farko ba. Ya buɗe tasa burauzar ya nuna mana wani wuri a cikin saitinta, ya ce, "Nan ake sabunta ta, kuma galibi da kanta take yi, shiru, ba tare da ta tsorata kowa ba. Duk shafin da kuna cikin karatu ya faɗo yana cewa ku yi sauri ku sauke wani abu, ƙarya yake, komai kyan tambarinsa. Rufe shi ake yi. In ya ƙi rufuwa a kashe burauzar gaba ɗaya."

Abokina ya ce masa, "In biya ne zan sayar da riɗin da ke hannuna."

Mai gyaran ya girgiza kai. "Kada ka soma. Wanda ya yi maka ƙarya ya shigo, me zai sa ya yi maka gaskiya bayan ya karɓa?" Ya ce sai dai a wanke na'urorin tas, mu kuma canza duk kalmomin sirrinmu ta wata wayar daban, don irin wannan abu yakan kwashe su. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Amma ai kana da kwafi a wani wuri ko?" Na ce babu. Muka garzaya wajen mai shagon da ya juye min kaset, ya ce shi da ya gama aiki yake gogewa.

Daga nan muka kamo hanyar gida. Muka tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ga rediyonta a gefe, ta sa an sayo mata sabon batir tun azumi bai zo ba. Na durƙusa na faɗa mata. Ta yi salati a hankali, ta ce, "To, shi ma mai muryar ya tafi, balle muryar." Amma hannunta ya tsaya cak a cikin kwanon, bai ƙara motsi ba.

Abokina ya zube a gabanta ya ce, "Inna, ni na jawo. Ni na kawo abin da hannuna."

Ta ce, "Kai alheri ka yi niyya. Tashi, kada ka sa ni kuka."

Ita ta yafe nan take, ni kuwa na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na daina kiransa, shi ma ya ɗauke ƙafa. Na ɗauka kunya ce ta ɓoye shi. Ashe ba haka ba ne. Wani malami abokin aikina ne ya ba ni labari cewa ranar Juma'a bayan an idar da salla a Gwaram, abokina ya nemi izini ya miƙe a gaban jama'a ya fayyace duk abin da ya faru, tun daga jan rubutun har zuwa tsarabar. Wai har dariya aka yi masa, ya tsaya aka gama. Sannan ya ce abu biyu ya kawo shi. Na ɗaya, duk wanda ya ga irin wannan allo kada ya danna, kada kuma ya tura wa kowa. Na biyu, duk mai muryar Malam a waya ko a kaset, komai ƙanƙantarta, don Allah ya taimaka.

Daga nan ya bi hanyoyin da yake bi sayen riɗi, ya je Kiyako, ya je Yalwan Damai, duk inda ya ji akwai wanda ya taɓa karatu a gaban mahaifina. Abin da ban sani ba, a shekarun Malam na ƙarshe mutane sun riƙa ajiye wayoyinsu a gabansa suna ɗauka, kuma kamar yadda muka saba, wannan ya tura wa wancan. Ina can ina ɓoyon nawa kamar zinariya, ashe muryarsa ta daɗe tana yawo a aljihunan manoma. Wani dattijo ma kaset ya ciro masa daga ƙasan akwati, ya ce amana ce, a juye a mayar masa.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi sai ga shi a zaure, ya rame, ya yi baƙi. Ya ajiye ɗan memori a gabana. Ban san lokacin da na ce, "An duba shi?" ba. Ya ce, "Ɗan Malam, ni da na sha wuya? Duk abin da aka ba ni sai da mai gyara ya tace shi kafin ya shiga nan. Kuma kwafi uku ne, ɗaya na wajen yayarka, ɗaya na wajena, don kai ba a ba ka ajiya." Na yi dariya, dariyar ta koma hawaye. Na riƙe hannunsa.

Ba duka aka samu ba. Tsofaffin da ya yi yana da ƙuruciya a murya, yawancinsu sun tafi ke nan, kuma har yau in na tuna sai na ji zafi. Amma an samo abubuwan da ban taɓa mallaka ba, har da addu'ar da ya yi a wani suna da nasihar da ya yi a wani ɗaurin aure.

Ranar farko ta azumi bayan la'asar na cusa memorin a rediyon mahaifiyata. Ta gyara mayafi kamar mai shirin karɓar baƙo. Ba a jere suke ba, ga ƙarar iska, ga wani yana tari kusa da wayar, ba abin da ya dame ta. Can wajen ƙarshen wani zama, mai ɗaukar ya manta bai kashe ba bayan an shafa fatiha. Sai muka ji Malam yana ce wa jama'a, "To, a tashi haka nan. An ce min yau kunun tsamiya aka dama a gidana, kuma mai damawar ba ta son a bar shi ya huce." Masallaci ya ɗauki dariya.

Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Da ta buɗe ta ce, "Ashe har a bainar jama'a yake tona min asiri."

Tun daga lokacin, duk allon da ya faɗo min yana gaggauta ni, rufe shi nake yi ko karantawa ban gama ba. Sabuntawa daga cikin manhajar nake yi da kaina, fayil kuma ko wa ya kawo min sai na tambayi inda shi ya samo, don mai ƙaunarka ma ana iya yaudararsa. Abin da nake ji da shi kuwa ba ya kwana a wuri ɗaya. Amma in na tuna wannan lamari ba tsoron ne ke fara zuwa min ba, godiya ce. Ina gode wa Allah, ina gode wa mutanen da suka ɗauki muryar mahaifina suka raba ba tare da sun jira ta yi kyau ba, ina kuma gode wa mutumin da ya tsaya a gaban masallaci aka yi masa dariya saboda uwata.

Ta tsufa yanzu, ji ya fara yi mata nauyi, sai an kai rediyon dab da kunnenta. Duk azumi in aka zo daidai wurin nan sai ta ɗaga hannu ta ce, "Mayar min baya kaɗan." Ni kuma in mayar.