Takardun Da Na Ba Mai Ƙosai

Har gobe ba zan manta da Litinin ɗin da Baba Garba mai atamfa ya shigo shagonmu babu sallama ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin fotokopi a bakin tsohon Zango, ban taɓa ganin dattijon nan kai babu hula ba sai ran nan.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ga yadda muke yi a da. Mutum ya kawo katin ɗan ƙasa, mu ɗauki gaba da baya. In kofin ya fito baƙi ko a karkace, mu sake wani, na farkon mu jefa a kwali ƙarƙashin tebur. Uwar ɗakina, Madam Zalisa, tun ranar da ta ɗauke ni ta ce, "Rabi, duk wanda ya ɓaci a yayyaga shi." Wata biyu na yi ina yagawa, na gaji. Sai na riƙa ɗaura kwalin a babur ina kai shi gida a unguwar Larle, inda muka koma bayan an rushe unguwarmu. Maƙwabciyata Inna Hajo tana soya ƙosai, takardar naɗi na yi mata wuya. A ganina sadaka nake yi.

Baba Garba ya zauna a benci ya ce, "'Yata, kwana uku na yi a komisariya, a hannun 'yan sanda."

Ashe wani ne ya buɗe layin waya da sunansa, yana kiran mutane yana cewa ɗansu ya yi haɗari, a turo kuɗin asibiti. Da aka bi lambar, sai ta faɗa kan Baba Garba. A gaban maƙwabtan rumfarsa aka tafi da shi.

"Sun nuna mini takardar da aka buɗe layin da ita," in ji shi. "Kofin katina ne, baƙi ƙirin, a karkace. Ke da kika san aikin nan, ta ina takardar mutum ke fita?"

Nan take na tuna da kwalin. Na ce, "Allah kaɗai Ya sani, Baba."

Da la'asar na wuce kai tsaye wurin Inna Hajo. Na zazzage kwalinta a ƙasa. Ga takardun haihuwa, ga fasfo, ga katunan mutane da hotunansu, har da na mijina da na kwaso ranar da na share ɗaki. Na tambaye ta ko akwai mai neman takardun.

Ta ce, "Akwai wani mai fara'a, yakan ce in naɗe masa a mai hoto, wai ta fi kauri. Lafiya?"

Ba ta yi boko ba, ba ta san abin da take miƙawa ba. Ni na sani. Na tura su duka cikin murhunta, na tsaya har suka zama toka.

Washegari na gaya wa Madam Zalisa. Ta ce, "In maganar nan ta fita, an rufe shagon. Ki yi shiru." Na yi shiru, kuma ba zan ɗora mata laifin ba, don ni ma abin da nake so in ji ke nan.

An wanke Baba Garba daga baya, amma kasuwa ba ta jiran hukunci. Fataken Kano suka daina sauke masa kaya, ya rufe rumfar ya koma gida. Duk da haka in yana da takarda wurina yake kawowa, ya ce ni ce amintacciyarsa. Da ya rasu na je gaisuwa, na zauna cikin mata, na kasa cewa komai sai "Allah Ya jiƙansa."

Shi ya sa nake matsa muku. Kofin da ya ɓaci, ku miƙa wa mai shi a hannu. Mai kyan kuma, ku sa ya rubuta a kansa abin da aka yi shi dominsa. A gidajenku ma, takarda mai suna da hoto ba ta zuwa bola, wuta take shiga. Wanda ya miƙo muku katinsa, sunansa ya ba ku ajiya. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa wa mutum tun yana da rai.