Wutar Jego a Tsakiyar Bazara

A gidanmu na Ƙofar Taramniya, tatsuniya tare da haihuwa take zuwa. Kakarmu ta wajen uwa, Kaka Dije, tana zaune a wani ƙauye na manoman shinkafa a hayin gulbi, kuma ba ta ƙaunar birni. Abu ɗaya ne ke kawo ta Sakkwato, wato idan Inna ta haihu. Sai ta iso da ƙullin kanwa da garin gero, ta yi kwana arba'in cif tana yi wa 'yarta wankan jego. Safe da yamma take tafasa ruwa a rabin duro, ta tsoma ganyen sabara tana watsa wa Inna har tururi ya cika makewayi, sannan ta dama mata kunun kanwa. Idan aka gama wankan yamma aka sallaci magariba, sai ta zauna gaban ragowar wutar tana gyara itace, mu kuwa mu kewaye ta. Ni take kira takwara, domin sunanta aka sa mini. Ƙanena Bello shi ne maigida, kullum tana yi masa gorin bai kawo cefane ba.

Shekarar da nake magana ina da shekara tara, Inna kuwa ta haihu a tsakiyar bazara. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo gari, kowa na sayen babur da rediyo. Baba yana sayar da atamfa a kasuwa, kuma kasuwa ta yi masa kyau. Ya rushe tsohon ɗakin soro na Inna ya gina na siminti mai rufin kwano. Da haihuwa ta zo, ya sa aka sauke itace mota guda a ƙofar gida, maƙwabta suna leƙe. A haihuwar baya, wanka yakan tsaya inda itace ya tsaya. Wannan karon babu abin da zai tsayar da shi. Kaka ta dubi tulin itacen ta sa masa albarka, har ta ƙara da kaskon garwashi a ƙarƙashin gadon ƙarfen Inna.

Wanda ya san bazarar Sakkwato ya san zama gaban wuta a lokacin ba hankali ba ne. Ƙasa kanta tana huci har bayan faɗuwar rana. Amma muna zama, gumi na bin bayanmu, muna matsawa muna dawowa, domin a nan tatsuniya take.

"Ga wata ta biyo duhu," in ji Kaka.

"A shimfiɗa mata tabarma," mu amsa.

Wadda muka fi so ita ce ta tsohuwa da ɓarawo. Wata tsohuwa ce a bakin gulbi da 'yarta mai jego. A garin akwai wani ɓarawo mai suna Sanyi, ba shi da ƙafa, ba shi da inuwa, ta tsagar ƙofa yake shiga, kuma ba ya satar komai sai ƙarfin mai jego. Tsohuwa ta rasa yadda za ta yi, sai ta je ta ɗauko Wuta aikin gadi. Wuta ta ce ba ta son lada, a dai riƙa ba ta abinci. Da Sanyi ya lallaɓo, Wuta ta babbake masa gemu, ya ruga ya faɗa gulbi, shi ya sa har yau ruwan gulbi yake da sanyi da asuba. Nan Kaka takan tafa hannu ta ce, "Nan tat tsaya, wanda bai ƙoshi ba shi bi ta." Bello ya yi ta dariyar gemun har ya kwanta a ƙasa.

Bayan suna da kamar mako biyu, aka kai jaririyar awo wani ƙaramin asibiti da ke kusa da unguwarmu. Na bi Inna da Kaka ina riƙe da zanen goyo. A ƙa'idar wurin, kafin a fara ganin kowa, wata malamar asibiti mai suna Lantana takan tsaya gaban mata a rumfa ta yi bayanin abin da yanayi ya kawo. Ranar ta ce lokacin zafi ne, a riƙa kwana a tsakar gida ko a buɗe taga, kada a cunkushe a ɗaki ɗaya saboda sanƙarau, a riƙa bai wa yara ruwa ko ba su tambaya ba. Mata suka yi ta jefo tambayoyi, wata a kan ƙurajen zafi, wata a kan haɓo, wata tana son sanin ko mangwaro ne ke kawo zazzaɓi. Ta amsa su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ta ce masu jego su yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya zama a ciki, su rage kanwa ƙwarai, domin zafi da kanwa suna tara ruwa a jiki su gajiyar da zuciya.

Da layi ya zo kanmu, ba jaririyar ta fara duba ba. Ta durƙusa ta danna babban yatsanta a ƙwaurin Inna, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Sai ta juya ga Kaka.

"Iya, kin ga wanga? Ruwa na."

"Ƙibar jego ta," in ji Kaka. "Ke ɗiyar nan, haihuwa nawa kit taɓa yi?"

"Biyu, Iya."

"To ni tara. Kuma dut da wuta nit tashi."

"Cikin ɗakin kwano kinka yi su, da bazara?"

Kaka ta ɗauke kai ta gyara lulluɓi. Malamar ta ba Inna ƙwayoyi, ta ce in numfashi ya fara yi mata wuya, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a kawo ta a ranar, kada a jira ranar awo. Ta dube ni ta ce, "Ke ma kin ji ko?" Na ce na ji.

A hanya Kaka ta yi ta faɗa, ita kaɗai. Ta ce ƙanwarta ta rasu da jego shekarar da aka yi ƙarancin itace, sanyi ya shige ta, kuma babu wata mai farar riga da ta zo ta ɗauki gawar. Inna kuwa tana baya. Tana tafiya tana tsayawa, ta dafa katanga, ta ci gaba.

Kwanakin da suka biyo baya, gidan ya kasa zama wuri ɗaya. Inna ta fara tari. Awarwaronta ya matse mata hannu har sai da aka sa sabulu aka cire. Na ga ta daina kwanciya, sai ta jingina da bango da matashi biyu, bakinta a buɗe. Na tuna abin da malamar ta ce, kuma na yi shiru. Yau zan iya faɗin dalili ba tare da na yi wa kaina ado ba. A lissafina na yarinya, idan aka kai Inna asibiti za a kashe wuta, idan aka kashe wuta Kaka za ta koma ƙauye da sauran tatsuniyoyinta. Sai na riƙa leƙa ɗakin sau goma a yini, in tsaya a ƙofa in ƙirga numfashinta, in fito in kasa cin abinci.

Baba ya gwada magana sau ɗaya. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi.

"Iya, na ce ko a ɗan rage wutar ga. Zahi ya yi yawa."

"Kai kas sawo itacen, ko ni?"

"Ni na, Iya."

"To itacenka kaka jin ciwo, ko mi? In ya ƙare in aika ƙauye a kawo."

Baba ya tashi ya fita da takalminsa a hannu.

Akwai wani abu da ban gane ba sai da na girma. Inna ita ce 'yar farin Kaka, don haka akwai kunya tsakaninsu. Kaka ba ta kiran sunanta, ba ta zama kusa da ita a gaban mutane, ba ta tambayar ta jiki. "Uwarku" take cewa, ko "waccan". Duk abin da ke ranta game da 'yarta, ta hanyar itace da kanwa kaɗai yake iya fita. Wanda ya ce ta rage wuta, a kunnenta cewa ya yi ta rage abin da ya rage mata na nuna ƙauna.

Wata rana da la'asar na shiga ɗakin ɗaukar kwano, na tarar da Inna ta yi gyangyaɗi a zaune, Kaka kuma tana tsugune a gefen gado. Ba ta ji shigowata ba. Na ga ta miƙa yatsa ta danna ƙwaurin Inna, daidai yadda malamar ta yi. Ta ɗaga. Ta daɗe tana kallon ramin. Ta sake dannawa a ɗaya ƙafar. Sannan ta danna nata ƙwaurin, busasshe, wanda ya taso nan take. Na fita a hankali.

Yammar nan an hura wuta kamar kullum, ruwa ya tafasa, amma Kaka ba ta kira Inna wanka ba. Ta ce sai an jima. Aka yi magariba ruwan yana ta zaɓalɓala a duro. Muka zauna. Daga ɗaki muna jin tarin Inna, gajere, a jere. Kaka ta tashi ta zauna ya fi sau uku, ta tura itace ta jawo shi.

Bello ya ce a yi ta ɓarawo. Ta fara ba tare da ta jira mun shimfiɗa tabarma ba. Tsohuwa ta ɗauko Wuta, Wuta ta zauna a ƙofa, tsohuwa tana ba ta abinci. Muna jiran Sanyi ya lallaɓo. Sai Kaka ta ce, ashe a wannan shekara Sanyi ba ya gari, ya yi tafiya mai nisa wurin dangin uwarsa, kuma babu wanda ya gaya wa tsohuwa.

"Ba haka take ba!" in ji Bello. "Ina gemun?"

"Yi shiru, maigidan da ba shi cefane. Ni ka ba ta ko kai?"

Ta ci gaba, muryarta ƙasa ƙasa. Mai gadi ta zauna babu ɓarawon kamawa, ga abinci ana ta kawowa. Ta ci ta yi ƙiba. Ta cinye ƙyauren, tsohuwa ta ce ai gadi take. Ta cinye tabarma, tsohuwa ta ce ai gadi take. Rannan tsohuwa ta shigo ta ga Wuta ta juya wa ƙofa baya, tana kallon gadon 'yarta tana lasar baki.

Kaka ta dubi ƙofar ɗakin. Inna ta yi tari.

"Sai me, Kaka?" na tambaya.

"Sai tsohuwa tat tuna ita ta ɗauko ta aiki. Ba wanda ka iya sallamar ta sai ita."

Ta sunkuya ta jawo itacen daga ƙarƙashin duron, ɗaya bayan ɗaya, tana turmuza kansu a ƙasa. Ta ce Bello ya ɗauko kaskon da ke ƙarƙashin gado. Sannan ta dube ni.

"Takwara, tahi zaure ki ce ma ubanku shi nemo mota. Ki ce ni nic ce."

Kafin a kira isha'i an kwantar da Inna a asibiti. Aka yi mata allurar da ta sa ruwan ya riƙa fita, aka hana ta kanwa da gishiri. Likita ya ce zuciyarta ta kumbura ta gaji, kuma da an ƙara kwanaki da labarin ya canza. Ta yi mako uku a can. Kaka ba ta koma ƙauye ba kamar yadda na ji tsoro. Ita ke kai jaririyar asibiti shan nono, a ƙasa, sau uku a yini, ta tsaya a bakin taga ba ta shiga ba. Amma tatsuniya ta ƙare a wannan zuwan. Da yamma takan zauna gaban murhun da babu wuta, hannunta na neman abin gyarawa. Ragowar itacen ya yi shekara a ƙofar gida, maƙwabta na ɗiba.

Inna ta rayu har ta ga jikoki, ko da yake ba ta sake hawa tudu ba tare da ta huta ba. Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin ranar da asibiti ya yi gaskiya, tsohuwa ta yi kuskure. Haka na riƙa ba da shi, har lokacin da na haifi 'yata ta fari a unguwar Gidan Igwai, ita ma da bazara. Inna ce ta zo yi mini wanka. Da ta kwance kayanta, sai ga ƙullin kanwa. Ita da kanta, wadda aka ɗauka ranga-ranga zuwa asibiti. Muka dubi ƙullin, muka dubi juna, ta mayar da shi cikin jaka. Da ta haɗa ruwan wanka, ta tsoma gwiwar hannunta, ta ƙara na sanyi, ta sake ƙarawa, tana waiwaye kamar wani zai kama ta.

Ni kuma, da na san bayanin zuciya da kanwa ciki da waje, da ruwan mai ɗumi ya sauka a bayana iska ta biyo, sai tsoron sanyi ya kama ni. Na ji a jikina cewa an bar ƙofa babu kowa. A ranar na san nauyin abin da Kaka ta ɗaga da ta jawo itacen nan. Ba ta daina tsoron sanyi ba, da tsoronsa ta mutu. Ta dai danna ƙafar 'yarta, ta ga abin da ta gani, ta yarda da idonta a kan abin da ta gada, alhali gawar ƙanwarta na tsaye a ranta. Ni ban taɓa yin abu mai wuyar wannan ba, kuma har yau idan aka kawo mini shawarar da ta saɓa wa abin da na saba, ina jin kaina ina tura itace ina jawo shi.